Kabawa, ba sammu ba ne, ba ku adana saiti ba

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: yau Bakatsine ne zai koya wa mutanen Aliero aikin na'ura, garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006? Na ji, kuna da jami'a, Allah ya ƙara albarka. To me ya sa da an ɗauke wuta a ofis, an tada janareta, intanet ya ƙi dawowa, sai ku hau zagin masu sabis, wani ma ya ce hannu aka sa?

Rauta irin ta Cisco saiti biyu take riƙewa. Akwai wanda take aiki da shi yanzu, running-config, yana zaune a RAM, ƙwaƙwalwar da ke mantuwa da zarar wuta ta tafi. Akwai kuma startup-config a NVRAM, shi take karantawa duk lokacin da ta farka. Injiniyanku ya zauna tun hantsi har la'asar, ya shigar da adireshin IP, ya canza kalmar sirri, komai ya hau. Aka ba shi lemo mai sanyi, aka sallame shi, ya hau mashin sai Jega. Layi ɗaya ya rage bai buga ba: copy running-config startup-config. Mai ƙyuya ma an rage masa hanya, wr kawai zai rubuta. Ku da kuka fi kowa sanin albasa, wa ke cire ta ya bar ta a gona, ya ce ta shiga rumbu?

Ga wani can yana ɗaga hannu: "Malam, mu MikroTik gare mu, da kanta take adanawa." Gaskiyarka, ɗan'uwa. Har da kuskurenka take adanawa nan take, ba ta tambayarka. Shi ya sa aka sa maɓallin Safe Mode a Winbox, wanda na tabbata kana kallonsa kullum kamar ado. Masu Huawei kuma kada ku yi dariya, sai kun buga save.

Wani zai rantse da girman Allah ya adana, amma rautar na farkawa fanko. Wannan kam na tausaya masa, yawanci ta hannu ya saya. Wanda ya riga shi ya fasa kalmar sirri, ya bar rajistar saiti a 0x2142, lambar da ke ce wa na'ura ta tsallake startup-config. Buga show version, duba layin ƙarshe, ka mayar da ita 0x2102. Ba sai an kai ta wajen masu ɗorin Aliero ba, ƙashinta lafiya lau.

Akwai fa inda rashin adanawa wayo ne. Kana zaune a Jega kana taɓa rautar da ke Maiyama ko Katanga, fara da reload in 10. In ka kulle kanka a waje, bayan minti 10 za ta sake tashi da tsohon saiti, ka huta da sayen mai. In komai ya tafi daidai, ka adana, ka buga reload cancel.

Sai batun kwafi. Tsawar damina in ta ƙone akwatin, da NVRAM ɗin take tafiya. Tura fayil ɗin startup-config zuwa kwamfuta ta TFTP, ka sa masa kwanan wata a suna. Kalmomin sirrinku na ciki, saboda haka ban ce ku jefa shi a zauren WhatsApp na 'yan ajinku ba, don na san halinku.