Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tsohon Ƙunshin Manhaja Da Ya Ƙi Sauka

Malam Tsohon Ƙunshi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ko da yake lafiyar taka ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. An sabunta Fedora da ke kan kwamfutata, an kawo magajinka, an ba shi kujerarka. Yau na buga dnf check, sai ga sunanka ga nasa a jere, lambarka ƙasa da tasa, ko kunya babu.

Na san hujjar da za ka kawo. Za ka ce haka RPM yake aikinsa: sai ya gama girka sababbi kaf, sannan ya juyo ya sallami tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Ana tsakiyar sallamar aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Waɗanda layi ya zo kansu suka tafi, kai da 'yan bayanka kuka maƙale a rajista. Na yarda, ba kai ka ɗauke wutar ba.

Amma tsakani da Allah, me kake tsinanawa? Yawancin fayilolinka magajinka ya riga ya rubuta nasa a kansu. Shi ke aiki dare da rana, kai suna kawai gare ka a littafi. Irinku ne ake kira ma'aikatan bogi, sai dai kai ba albashi kake ci ba, ruwa kake hanawa gudu. Da na zo wani sabuntawar, sai DNF ya ga mutum biyu a kujera ɗaya, wani ƙunshin yana neman lambarka, wani yana neman ta magajinka, ya tsaya cak yana zubo mini ƙorafi har allon ya cika.

Kuma don Allah kada ka nuna mini kernel ka ce ai shi ma uku ne. Shi da takardarsa yake zaune. A cikin dnf.conf an rubuta installonly_limit=3, domin in sabo ya ƙi tashi a koma wa na baya tun daga GRUB. Haka tagwayen nan, i686 da x86_64, kowa da ma'aikatarsa. Kai wa ya sa maka hannu?

To ga sanarwa. Zan fara da dnf repoquery --duplicates, ya fito da ku duka, suna da lamba. A zamanin yum, package-cleanup --dupes ke wannan farautar, kafin DNF ya karɓi ragama a Fedora 22 cikin 2015, don haka kakanninka ma ba su tsira ba. Daga nan sai dnf remove --duplicates, wanda zai cire tsofaffi ya sake girka sababbi, ko da akwai wanda aka bar shi rabi da rabi.

Ba zan yi gaggawa ba, kada ka ɗauka tsoronka nake ji. Jerin zan karanta layi-layi kafin in danna y, saboda a cikin ayarinku na hango glibc da systemd, su kuwa ba a korarsu da fushi. In aka yi musu garaje, kwamfutar gaba ɗaya ce za ta kwanta, ni kuma in kwana ina neman filashin ceto.

Ka tattara ɗan abin da ya rage maka kafin la'asar. In kana da ƙorafi, dnf history na nan, ranar da aka sallame ka ma a rubuce take.

Naka,
Mai kwamfutar