Allon Shago a Maraɗi da Yadda Ake Samun Izninsa

Allon talla a Maraɗi iri uku ne: na kafawa, na ratayewa, da na gudu. Biyun farko suna bukatar iznin meri, wato ma'aikatar magajin gari. Na ukun ƙafafu gare shi, da yaron shago mai kaifin ido.

A ƙa'ida, mai son kafa allo yakan rubuta takardar roƙo, ya manna mata tambur, ya kai ta ma'aikatar magajin gari, bayan ya gano ko shagonsa na cikin gunduma ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. Daga nan sai harajin talla, wanda ke bin girman allo. A nan rigimar take, domin zuciyar Alhaji tana son allon da za a hango daga Tibiri, aljihunsa kuma bai yarda ba. Sulhun da aka saba yi shi ne a rage ƙarfe a ƙara suna. Shi ya sa ake ganin "Ets Elhadji Wane et Fils, Import-Export" a matse cikin kamu biyu, ƙarƙashinsa katan uku na Maggi da buhun shinkafa guda. 'Ya'yan da aka ambata kuwa, babbansu bai gama rarrafe ba.

Idan allo ya zarce awo ko ya cinye gefen titi, sai a nemi alfarma. Ita ba a manna mata tambur. Ana farawa da gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a gano cewa kakar ma'aikaci da kakar mai shago sun taɓa daka a turmi ɗaya. Ko da aka rushe majalisun gari a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, wannan fanni bai girgiza ba, kakanni kawai aka sake lissafawa.

Allon gudu shi ne mai ƙafa biyu da ake jinginawa bakin hanya. Da an hango mai rasit ya karyo kwana, sai allon ya shige shago ya koma tebur.

A Tibiri lamarin da sauƙi, tunda an san shagon kowa da sunan ubansa. A Jiratawa kuwa mai zogale tana tallarta da baki, kuma har yau ba a samu magwajin da zai auna faɗin muryarta ba.