Rabina a Kogo, Rabina a Duniya

Mutumin Kende zai tashi da asuba ya tsallaka Benin ta Tsamiya ko ta Lolo, ya yi cinikinsa da sefa, ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa, ba wanda zai ce ya yi tafiya. Amma ranar da na ce zan kwashi iyali mu je ganin kufai da duwatsu da kogo, sai da unguwa ta ɗauka. Surukata Inna, da ta zo mana kwana biyu, ba ta ce mini komai ba, tunda ko ido ba ma haɗawa balle magana. 'Yarta ta tambaya, da muryar da za ta iso ni har zaure: "Duwatsun gida ƙarewa sunka yi?" Sannan ta yafa mayafi ta riga kowa shiga mota.

Ƙanin matata ne direba, kuma duk wanda ya san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa ya san ɗan jarida na ɗauko da kuɗina. Muka bi ta Bunza da Kalgo, masu shingen hanya na leƙa bayan mota suna neman shinkafa 'yar waje da jarkar fetur, suna tarar da kular dambu da tabarmar Inna. A Birnin Kebbi na nuna wa yara dutsen Dukku ta taga, na ce to ga dutse, an fita haƙƙinsa. Muka kwana Argungu. Da safe muka shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka tashi daga cikinta a 1942 aka mai da ita gidan tarihi a 1958, muka ga tambura da makamai da homa, muka leƙa Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Na ce wa yara ruwan nan shi ne yake gangarawa ya wuce ta garinmu kafin ya faɗa Kwara. Ba wanda ya saurare ni. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da Argungu ɗaya ne: na ci tuwon shinkafa da kan giwan ruwa, malmalar da ba zan faɗi adadinta ba.

Daga nan muka nufi kufan Surame, birnin Kanta. Tana cikin Jihar Sakkwato yanzu, a ƙasar Binji, sai an saki kwalta an sha ƙura. Ni malamin tarihi ne, na daɗe ina zana ta da alli, amma allo bai taɓa gaya mini gaskiyar girmanta ba. Mu ganuwar ƙasa muka sani, irin ta Kano da Katsina da Zariya, wadda damina ke gutsura kowace shekara. Nan kuwa dutse aka ɗora bisa dutse, ga shi nan yana tafiya cikin daji har ido ya gaji, itatuwa sun tsiro inda dā kasuwa ce ko barga. Muhammadu Kanta tare da Askiya Muhammadu na Songhai suka je yaƙin Agadas, aka zo rabon ganima aka saɓa, wajen 1516 ya ce daga yau Kabi ba ta bin kowa. Wanda ya gaya wa Askiya haka dole ya iya gini. Mai kula da wurin ya ba mu labarin da ake bayarwa, wai Kanta ya raba wa ƙasashen da ke bin sa aikin ganuwa, Nufawa suka makara, sai ya hana su ruwa ya ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗe. Inna, wadda ba ta rabuwa da gwangwanin man kaɗe saboda ƙafafunta, ta ce wa 'yarta shi ya sa ginin bai taɓa ciwon gwiwa ba.

Ina tsaye bisa wani tarin duwatsu, babbar riga na kaɗawa, na riga na kwashe Kabawa daga Surame na kai su Birnin Kebbi a farkon ƙarni na 18, na wuce 1964 da gwamnati ta sa kufan cikin kayan tarihin ƙasa, ina shirin shiga 2007 da UNESCO, sai Auta ta ja mini hannun riga.

"Baba, ina kogon?"

An yi alkawarin abu uku, an ga biyu. Mai kula da wuri ya tafi salla. Na duba can bayan ganuwa, gefen wani tudun marmara, na hango wani baƙin baki a ƙarƙashin dutse. Na ce wa yara birni irin wannan ba ya rasa hanyar sirri, kuma ga dukkan alamu ga ta nan. Na tuɓe babbar riga, na miƙa wa matata hula, na durƙusa, na yi bismilla. Kai ya wuce. Kafaɗa ta wuce. Ƙirji ya wuce da ɗan rarrashi. Argungu ta ƙi wucewa.

Na yi gaba, dutse ya ce a'a. Na yi baya, dutse ya ce ai ba a haka. Na toshe ramin nan tsaf kamar totuwa a bakin gora, har hasken da ke shigowa na kashe da kaina. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ramin ne ya tsuke bayan na shiga, kuma masana ƙasa su bincika. Ciki duhu, warin kashin jemage, yashi a baki. Muryoyin waje suna zuwa mini ta cikin cikina.

"Yaya, ka iske Kanta? Ka gaishe shi."

"Malam, ka fito mana, rana na yi."

Ana cikin haka na ji ƙararrawar keke. Na ji an jingine shi, na ji sallama. Muryar tsoho ce, mai nutsuwa, irin ta wanda bai taɓa makara ba domin bai taɓa sauri ba. Ya gai da Inna gaisuwa cikakkiya. Ya gai da matata. Ya gai da direba, ya tambayi yara karatu. Sannan na ji ƙarar gwiwoyinsa ya tsuguna, ya fuskanci abin da ya rage na jikina a duniya.

"Sannu da aiki, Malam."

Gaisuwar dattijo ba a barin ta a ƙasa. Daga cikin rami na ce, "Yauwa Baba, sannu."

"An wuni lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ni, da dutsen Kanta a kan ƙuguna, da bakina na ce ba gajiya.

"Ina gida? Ina iyali?"

"Ga su nan bayanka, Baba."

"Madalla. Daga ina?"

"Kende."

"Kende ta Bagudo? Kai! Ruwa ya yi gyara wajenku bana? Nawa anka sai da buhun shanshara?"

Na ba shi farashin shanshara. Ya ce ya yi tsada. Sai da muka gama da damina da kasuwa sannan ya zo kan ƙaramar maganar da ta rage.

"To Malam, nan hwa beguwa ka shiga."

Ban san mutum zai iya yin gumi a wuri mai sanyi haka ba. Na ce, "Tana ciki?"

"Allah shi ya sani. Amma kak ka damu, da rana kwana takai. In ta hwalka, abu guda nika gaya maka: kak ka yi gudu."

Na sha shawara a rayuwata, ta likita da ta malamai da ta 'yan fansho a bakin masallaci, amma ban taɓa samun wadda na bi sau da ƙafa irin wannan ba. Ban gudu ba.

Ya ɗan bubbuga mini ƙafa don in kwantar da hankali, ya ce bara ma wani bunsuru ya maƙale a nan daidai, kuma sun fitar da shi. Raina ya ɗan dawo. Matata ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba, yaya kuka yi?"

"Gunduwa-gunduwa."

Direba ya yi dariyar da sai da ya nemi ruwa. Tsoho bai ga abin dariya ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya ce in saki numfashi duka kada in sake jan wani sai na fita. Ya ce in tuna duk bashin da ake bi na, mutum na ramewa nan take. Na tuna, har da na mai shago da na adashen makaranta, ban rame ba, sai baƙin ciki da ya ƙaru a kan ƙunci. Ya ce in ba a gaggawa a bar ni zuwa jibi, yunwa ba ta taɓa kasa fitar da kowa daga rami ba, shi zai riƙa leƙo ni in ya zo wucewa.

Sai na ga haske a gabana. Na ce shi ke nan, ko beguwa ce da fitila ko kuwa tafiyar ce ta zo. Auta ce, tsaye cak a kan ƙafafunta, da yayarta riƙe da wayar uwarsu.

"Baba, me kake yi a taga?"

Ta bayan tudun akwai baki wanda jaki da kaya zai shiga bai sunkuya ba. Na ɗaga murya na tambayi tsoho ko ya san da haka.

"Awo, ƙohwa na nan baya. Ba a tambaye ni ba."

A nan ne Inna ta yi magana, ba da ni ba, ba ma da 'yarta ba, da iska ta yi. Ta ce in da mai hankali a wurin, ga gwangwani nan. Matata ta naɗe mini riga ta shiga cusa man kaɗe tsakanin ƙuguna da dutse, direba na cewa yau ga aikin Nufawa ya dawo Surame. Aka kira wani yaro makiyayi da ya tsaya kallo. Shi ƙafar hagu, direba ƙafar dama, yara su tura kaina daga ciki, tsoho shi ne mai ba da umarni. Hannun kowa ya yi santsi da mai, ƙafa ta ƙi riƙuwa, sai tsoho ya kawo shawararsa ta ƙarshe, wadda ita kaɗai aka yi aiki da ita a ranar.

"Ku kama wando, ya hi riƙo."

Dole in koma baya kaɗan. Bara aka yi bikin ƙanwar matata, aka fitar da anko, atamfa kore mai manyan tsuntsaye ruwan ɗorawa. Matata ba ta zubar da ƙyalle. Abin da ya ragu ta kai wa tela ya ɗinka mini gajeren wando na ciki, ta ce wa zai gani. Da safen nan a Argungu na ga Inna ta fito cikin atamfar nan, riga da zani da ɗankwali, na ce a raina, wa zai gani.

"Da bismilla! Ku ja!"

Ƙarar ba ta da yawa. Ɗan "ɓas" ne kawai, zariya ta tsinke. Na sake jin ƙarar nan a kunnena a daren jiya, na ji ta yau ina tsakiyar darasi a aji. Bayan ɓas sai wani sulu, wando ya bi cinya, ya bi gwiwa, ya yi sallama da diddige. Bayan sulu sai tim, direba da makiyayi sun zube ta baya, kowa da ƙafar wando ɗaya a hannu. Sannan iska. Iskar Surame mai sanyi, wadda ta taɓa kaɗa tutocin Kanta, ta zo ta same ni inda ba ta da izini.

Sai shiru. Shirun nan shi ne abin. Da an yi dariya da na samu abin jin haushi. Ba wanda ya yi tari. Ina cikin duhu amma ina ganin komai: tsuntsaye ruwan ɗorawa a bakin rami suna sheƙi da man kaɗe, tsuntsaye ruwan ɗorawa a kan surukata taku kaɗan daga nan, da idanun jama'a suna tafiya daga waɗannan zuwa waɗancan suna dawowa. Matar da shekara da shekaru ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Matar da in na hango ta a hanya nake cire takalmi in tsuguna tun daga nesa. Na ji ƙyas, wayar direba. Na ji ƙyas na biyu, ya gyara tsayuwa don su fito tare.

Tsoho ya yi gyaran murya. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa farashin shanshara zai koma.

"Masha Allahu," ya ce. "Anko kunka yi da Hajiya."

Na ji takun silifas ɗin Inna, ba sauri ba nawa, har zuwa mota. Na ji an rufe ƙofa. Na ji an ɗaga gilashi, a motar da ba ta da na'urar sanyi, da azahar.

Abin da man kaɗe ya kasa, da bashi ya kasa, da beguwa ta kasa, maganar nan ta yi shi. Ban san inda Argungu ta tafi ba. Na dai ji na tsuke, na sulale. Amma ba waje na yi ba, wa zai fita? Ciki na shige gaba ɗaya, na faɗa kan yara, na zauna a kan kashin jemage ina haki, na yanke shawarar a nan zan yi ritaya.

Hasken ramin ya sake dushewa. Wando ne ya fara shigowa, a dunƙule, zariya na reto. Bayansa hula, bayanta farin gemu, sannan fuskar tsoho ta cika tagar. Ya ƙura mini ido ya duba ni da kyau.

"Yauwa, yanzu munka ga juna," ya ce. "An wuni lahiya?"