Ɗakin Baƙo

A tsofaffin unguwannin Kano, rufin soro ba ya faɗowa babu sallama. Da 'yar tsaga yake farawa, siririya kamar zare. Sai ruwan Agusta ya zo, indararo ya toshe, ƙasa ta jiƙe ta yi wa azara nauyi.

Shawarar magini ba ta da tsada: a ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata, a duba bayan mako guda. In ta zarce layin, a tokare azarar da gungume, a kwashe yara.

Maigida kuwa ya ce ai tun zamanin kakansa tsagar take nan. Duk da haka, daren jiya ya janye gadonsa, ya sauki baƙo a ɗakin.