Yadda Ake Aika Wa Ɗaurarre Wasiƙa Daga Kebbe

Aika wa ɗaurarre wasiƙa ko littafi haƙƙi ne da doka ta san da shi. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a bar fursuna ya riƙa musayar wasiƙu da iyalinsa bisa sa idon hukuma, kuma kowane gidan yari ya mallaki ɗakin karatu. A Nijeriya, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019 ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, saboda haka lokacin karatu ba ya yi musu ƙaranci.

Hanyar aikawa biyu ce: gidan waya, ko hannu da hannu. Mutanen Kebbe da Tambuwal sun fi yarda da ta biyu. Akan nemo ɗan boko a dangi, a damƙa masa takarda da ƙunshi, ya hau mota zuwa Tambuwal, in tafiyar ta Sakkwato ce ya bi ta Dogon Daji da Shagari. A misalin da za a kawo, wannan ɗan boko shi ne mai wannan rubutu, ɗaurarren kuma ɗan baffansa ne, wanda rikicin iyakar gona ya kai shi wani gidan gyaran hali.

Sharaɗi na farko shi ne cikakken suna: na yanka, na uba, da na gari. A ƙasar Sakkwato, duk wanda ya tsaya bakin ƙofa ya ce Bello yake nema, zai ga Bello iri-iri.

Na biyu, ba a liƙe ambulan, domin gandiroba sai ya karanta. Idan da ajami aka rubuta, shi kuwa boko ya fi ganewa, ɗan aike ne zai karanta masa da ƙarfi. Don haka ake son a bayyana komai filla-filla. Inna, mahaifiyar ɗaurarren, ba ta yi haka ba. Ta sa malamin unguwa ya rubuta cewa ramin da aka soma bayan Sallah ya yi nisa, da dare yara ke haƙa saboda rana, saura ƙiris a isa, ya kwantar da hankalinsa, kuma kada ya gaya wa kowa.

Gandiroba ya ajiye biro.

"Malam, wanga rami ina ya nufa?"

"Rijiya ta, ranka shi daɗe."

"Rijiyar da aka gina da dare, kuma kar a hwaɗa ma kowa?"

Ɗan aike ya yi bayanin cewa bakin mutane Inna ke gudu. Aka nuna masa benci. Da aka kira Kebbe ta waya don a tabbatar, Inna ta ce a gaya wa masu kaki, da yardar Allah kafin damina za a fasa. Aka matsar da bencin can ciki. Sai wajen la'asar aka samu maginin rijiyar, wanda ya shiga zayyana bashin kuɗin aikinsa da zafin da ba mai iya ƙirƙira, sannan aka yarda.

Na uku, littattafai. Alƙur'ani da irin su Ahalari da Ishmawi kan wuce ba gardama, haka ma Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Duk da haka sai an karkaɗe su shafi-shafi, ana neman kuɗi, reza, layin waya ko ƙwaya. Wanda ya saba ɓoye wa iyali kuɗi a cikin littafi ya duba tun daga gida.

Na huɗu, abinci, wanda ba a raba shi da wasiƙa. Duk abin da aka kawo, mai kawowa ne ke fara ɗanɗanawa a gaban ma'aikata. Ba a ƙayyade yawan ɗanɗanon ba, ɗan aiken kuwa tun karin safe rabonsa da abinci. Sai da gandiroba ya riƙe masa hannu. Abin da ya isa ciki shi ne yanka biyu na kilishi da tsohuwar jaridar da aka naɗe shi.

Na ƙarshe, amsa. Ita ma ana karantawa kafin ta fita, kuma takan ɗauki lokaci. Ɗaurarren ya yi godiya da littafi, ya yi addu'ar Allah ya sa rijiya ta yi ruwa. Ya ce jaridar ta zagaya ɗaki kaf, amma mai ya cinye ƙarshen labarin farashin taki, a taimaka a aiko da ragowar shafin. Game da kilishi, ya roƙi Inna nan gaba ta aiko wanda ke azumi.