Gajeriyar Bindiga, Dogon Labari

Ƙanena ne ya jawo mana. Ya zo hutu daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da wata salula mai faɗin faranti, ya iske mu a fadar shayi ta bakin hanyar Gure, ya ce mu matso mu ga ikon Allah. Muka yi masa rumfa. Sai ga wani Ba'amurke mai gemu irin na tsohon bunsuru, tsaye gaban bango, bangon nan kuwa shaƙe da bindigogi gajeru-gajeru, an shirya su tsaf kamar jeren amarya. Ya ɗauki wannan ya shafa, ya mayar, ya ɗauki waccan ya sumbata, baki kuwa sai zuba yake kamar kanya.

Mai shayi ya ce, "Yaƙi ake yi a garinsu?" Ƙanena ya ce a'a. "To maharbi ne?" Ya ce a'a, likitan haƙori ne. Tarawa kawai yake yi, yadda wani ke tara tattabaru. Kuma duk cikinsu babu ta asali ko ɗaya. Kwaikwayo ne na irin waɗanda sojan Amurka suka riƙe a Biyetnam da Iraƙi.

Ƙanena ya ci gaba da ba mu karatu. Tun 1934, zamanin da 'yan ta'addar Shikago ke ɓoye makami cikin kwat, Amurka ta kafa doka a kan bindigar kafaɗa mai gajeren baki. Ma'aunin a yau inci 16 ne, wajen santimita 40. In ta gaza haka sai ka yi rajista, ka dangwala yatsu, ka ba da hoto, ka zauna jira, kuma an yi shekaru aru-aru, har ƙarshen 2025, ana biyan harajin dala 200 a kan kowace guda. Mai shayi ya taɓe baki ya ce, "Dala 200? Ai jika guda ke nan. Ko buhun gawayi ya fi ta." Sai da aka yi masa bayani cewa dalarsu ba tamu ba ce mai tamma biyar.

Abin da ya fi kashe mu da dariya shi ne gardamar masu wannan tarin. Mutum biyu masu iyali za su kwana suna musu a kan ƙusa ɗaya, wai sojan da ya riƙe ta asali ba irin wannan ƙusar ke jikin tasa ba. Wani ma ya sayi bindiga sabuwa fil, ya kai wa gwani ya biya shi ya kankare fenti, ya ƙuje ta nan da can, don a ce ta sha yaƙi. Muka yi dariya har shayi ya ƙone. Wani ya ce lallai ƙoshi ma cuta ne.

A nan ne Kawu ya gyara murya. Ya ce, "Kai yaro, wannan ai wasan yara ne. Ruga zaure ka ɗauko ta kakanninku." Dariyata ta tsaya a maƙogwaro, don na san abin da za a kawo, na kuma san ba za mu tashi ba sai an kira magariba.

Bari in kwatanta muku ita. Tsawonta duka kamu ɗaya da taƙi. Ƙotarta ta yi baƙi ƙirin don shafa, an ɗaure tsakiyarta da fatar wutsiyar sa, laya uku na reto a wuyanta, wuri biyu a gindi, sa'an nan inda ta tsage an naɗe da robar tayar keke, wadda Kawu ke cewa gyaran baya-bayan nan ne, kada mu kula. Kunamarta ta daskare tun ina makarantar allo. In ka leƙa bakinta, gidan zanzaro ne zai fara yi maka maraba. Amma a bakin Kawu, wannan ita ce bindigar da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya miƙa wa kakan kakanmu da hannunsa, ya ce masa je ka, na ba ka gabas.

Tanimun dai ba tatsuniya ba ne. Ya riƙe Damagaram har 1884, ya tsare hanyar fatake tsakanin Kano da Tarabulus, kuma masana tarihi suna cewa ya tara bindiga wajen 6,000 da igwa 40, har a cikin Birnin Damagaram ake zuba igwar ana haɗa albarushi. To ni na yi nawa ƙidayar, ta ɗan kasuwa, tsakanin Gidimuni da Gidigir da Gure. In har kowane maigida gaskiya yake faɗa, sarkin nan gaba ɗaya mana ya juye taskarsa, bai rage wa Mirriya ko harsashi ba, dogarawansa kuma da danƙo suka yi tsaron fada. A unguwarmu kaɗai akwai bindiga huɗu da aka ba mutum huɗu gabas. Ban san gabas nawa Allah ya yi ba.

Sai kuma a zo kan Tirmini. A watan Yulin 1899 Sarki Ahmadu Kuren Daga ya tari rundunar Faransa a can, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. Kowace bindigar zaure ta je Tirmini, kuma kowacce ta kayar da Nasara bakwai. Ba shida ba, ba takwas ba. Turawan da ke cikin rundunar nan ba su kai goma ba, sauran duk baƙaƙen soja ne, kuma mu aka ci a yaƙin. Na taɓa faɗa wa Kawu haka. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Da kana wurin?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Aka rufe babi.

Gajartar ita ce kan magana, don a nan martabar take. Doguwar baushe ta maharbin zabi ce, kowa na da ita. Gajera kuwa sai jarumi. In ka tambayi dalili, kowa da nasa. Ta Kawu, kakan ne ya datse ta don ya sa ta cikin riga ya shiga sansanin abokan gaba leƙen asiri. Ta maƙwabcinmu, takobin wani Buzu ne ya sare ta ana tsakar artabu, mai ita ya ci gaba da harbi da guntun. Ta wani Alhaji mai sayar da kanwa, a haka aka saukar da ita daga Istambul, irin ta manyan hafsoshi. Mu da muka tashi muna bin 'yan bindiga ranar Salla mun san yadda abin yake. Mutum zai so tasa ta fi ta kowa ƙara, ya yi mata ɗurin da ya fi cikinta, ta ce ɗau, bakin ya dare kamar ɓawon rake, hayaƙi ya washe a ga mai ita ba gira. Washegari maƙeri ya yanke inda ya dare. Haka take raguwa Salla bayan Salla. Abin da na lura kuwa, duk taƙin da bindiga ta rasa, labarinta ya ƙaru da kamu. Lokacin da nake yaro ta Kawu ta kai ƙuguna, kuma a lokacin Nasara biyu kacal ta kashe.

Kowace fada kuma tana da masaninta. Namu tsohon direban babbar mota ne. A miƙa masa bindiga, ya auna ta a tafi, ya ƙwanƙwasa da zobe ya kara kunne kamar mai sayen kankana, ya sansana bakin, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan ta zamanin Tanimun ce, amma ƙarshe-ƙarshe." In mai ita bai saya masa shayi ba, sai ya ce, "Kwaikwayo ce, amma maƙerin ya iya." Gidaje biyu sun shekara ba sa gaisawa a kan wannan hukunci. Wani Bafulatani da ke kawo mana nono ranar kasuwa, ganin mafi yawan masu bindigogin Mangawa ne, taubasansa, kullum sai ya tsaya ya ce, "Barebari ke nan. Ga bindiga a kowane zaure, amma ran da kura ta shigo gari, ɗan Fulani mai sanda aka aika a kira." Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, sai dai a ce nonon nasa ruwa ne.

Kada mai karatu ya ce mu kaɗai ne. A Pakistan akwai wani gari kusa da Peshawar, Darra Adam Khel, inda maƙera suka gāji kwaikwayon kowace irin bindiga, har da tambarinta. Sukan buga hatimin Sarauniya Biktoriya ta Ingila a jikin ƙarfe, su sa shekarar da ta zo bayan 1901, alhali a shekarar ta rasu. Baiwar Allah tana kabari tana ta sa hannu. Da na ba Kawu wannan labari bai yi dariya ba, cewa ya yi maƙeran can ba su da tsoron Allah.

Samari kuwa sun raina baushe. Su tasu a salula take. Akwai wata 'yar guntuwar Kalashi da Rasha ta fitar a 1979 don direbobin tanka da matuƙa jirage, bakinta bai wuce santimita 20 da 'yan kai ba, wadda Usama bin Ladan ya riƙa jinginewa a gefensa in zai yi jawabi. Ita ce a fuskar wayar yaron da ko kaza bai taɓa yankawa ba. Ƙannensu kuma ranar Salla kowa da tasa ta roba, 'yar Sin, mai wuta ja da kukan gyare. Mikhail Kalashnikov ya ƙera tasa a 1947, Sin ta kwaikwaya a 1956, yanzu ga kwaikwayon kwaikwayo a hannun ɗan shekara biyar yana tare kakarsa a ƙofar ɗaki yana neman goron Salla.

A nan alƙalamina yakan ɗan yi nauyi. Kwaltar da ta ratsa Gidigir ita ce ke zuwa Diffa, kuma tun 2015 mun ga waɗanda suka biyo ta da tabarma a ka, ba don sun so ba. Tun da Libiya ta watse a 2011 gajeru na gaske suka yawaita a daji. Waɗannan ba a rataye su a zaure, ba su da laya, masu su kuma ba sa zama fada ba da tarihi. In aka ba ni zaɓi, gara Kawu da zanzaronsa.

To, ana nan sai jita-jita ta faɗo kasuwa. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma manya ba su manta da tulin bindigogin da aka cinna wa wuta a Agadas a watan Satumban 2000 ba. Wani ya ce ya ga farar mota da mutane masu takardu ta kwana a Gidimuni, gobe mu ne. Kafin la'asar babu jikan jarumi ko ɗaya a Gidigir. Maƙwabcinmu ya ce tun bara ya ba wani ɗan'uwansa a Gashuwa. Alhaji mai kanwa ya ce shi dama sanda ce, mutane ne ke ce mata bindiga. Na shiga gida na iske ta Kawu an tuɓe mata layu, an tokare ƙofar akurki da ita. Na ce, "Kawu, ta Tanimun ce fa." Ya ce, "Wane Tanimun? Kai, ka iya bakinka." Da gari ya waye motar ta iso. Masu rigakafin awaki ne.

Ƙanena, da yake shaiɗan ya fi jin daɗin ɗan boko, bai bari ƙura ta lafa ba. Ya je fada ya yi kamar yana magana da kansa, ya ce ya ji wani Bature na yawo yana sayen tsofaffin bindigogi don gidan tarihi, gajeru ya fi so, jika 500 kowace. Jama'a, wadda ta tafi Gashuwa ta dawo a daren, ba mota ba raƙumi. Sandar Alhaji ta sake musulunta. Zuga-zugin tsohon maƙerin unguwarmu bai huta ba har asuba, kuma da safe na ga mutum uku sun nufi kwari da abu ƙunshe a buhu. Ashe cikin taɓon kanwa ake turbuɗe sabuwa, ta kwana bakwai, ta fito da tsatsar shekara 150. Na tuna Ba'amurken da muka yi wa dariya don ya biya a tsufar masa da tasa. Mu ko tamma ba mu kashe ba.

Kawu ya ciro tasa daga akurki, ya karkaɗe kashin kaji, ya mayar da layu, ya ce in raka shi maƙera a motsa kunamar, kada Bature ya raina. Muka iske tsohon a gaban uwar maƙera, ido duk ya yi ja. Ya karɓa, ya juya ta, ya kai ta kusa da hanci, ya yi murmushi.

"Allah sarki, 'yata. Ashe tana nan."

Kawu ya ce, "Baba, ta kakanmu ce, ta hannun Tanimun."

"Ta hannuna dai. Shekarar da Kunce ya karɓi mulki na ƙera maka ita, 1974, ana tsakar yunwa. Da bututun famfon da ya lalace. Ka ba ni rabi, ka ce sauran sai kaka."

Kawu ya waiga hagu da dama, ya ga masu jiran layi sun miƙo wuya. Ya durƙusa ya rage murya. "Haba Baba, a gaban yaro?"

"Kaka hamsin ta wuce, ban ga ko zangarniya ba."

"To yanzu nawa ne?"

Tsohon ya ɗaga masaba ya duba ta kamar a jikinta lissafin yake. "Cikon kuɗina jika biyu. In ka sa uku a kai, sai in tuna kakana ne ya ƙera ta."

Kawu ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Ɗana, kana da biyar a jikinka? In Baturen ya zo sai in ba ka."