Filash: Sayensa, Riƙonsa, da Yadda Yake Kunyata Mai Shi Tsakanin Nguru da Gashuwa

Ma'ajiyar tafi-da-gidanka ita ce duk na'urar da ake zuba wa takardu, hotuna, sauti ko bidiyo daga kwamfuta, a zare ta, a kai ta wata kwamfutar. A shagunan buga takardu na Nguru da Gashuwa iri uku ne ke yawo a yau: filash, da memorin waya, da babban faifai mai igiya wanda 'yan dawunlodin ke tara fina-finai a ciki. Kafin su an yi zamanin fulofi, wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar megabait 1.44 kacal, wato hoto ɗaya na wayar yanzu ya fi ƙarfinsa. Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011, amma gwamnatin Japan ba ta gama soke ƙa'idojin da suka wajabta aiki da shi ba sai a 2024, labarin da ya kamata ya sanyaya zuciyar duk akawun da ake yi wa gorin tsohuwar kwamfuta. Faifan CD mai megabait 700 da DVD mai gigabait 4.7 su ma sun ci kasuwarsu, har ƙurar hunturu ta kakkarce musu baya.

Filash ya shigo kasuwa a shekarar 2000, da megabait 8. Babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ƙwaƙwalwa ce irin wadda injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba a shekarun 1980, mai riƙe bayani ko da babu wuta, kuma wannan hali kaɗai ya isa ya saya masa farin jini a unguwar da yara ke ihu idan an kawo wuta. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a garin, da wuya motar haya ta taso daga Nguru ta ratsa Jajimaji ba tare da wani fasinja yana shafa aljihu lokaci-lokaci ba. Ba kuɗi yake taɓawa ba. Furojek ne, babi biyar.

A wajen saye ake fara rabuwa da gaskiya. Filash na ƙwarai da aka rubuta wa gigabait 32, kwamfuta za ta nuna shi kusan 29.8, kuma ba cuta aka yi ba: kamfani yana lissafi da 1000, Windows kuwa da 1024. Cutar tana wajen wanda aka rubuta wa 64 ko 128 a kan kuɗin farantin shinkafa da kifi. Irin wannan an koya masa ƙarya tun daga masana'anta. Cikinsa gigabait 4 ne ko 8, amma zai gaya wa kwamfuta abin da ke jikin leda, ya yi ta karɓar kaya, yana danne na farko da na baya. Sunayen fayiloli za su jeru reras, a buɗe a tarar da fanko. Mai wannan rubutu ya taɓa sayen irinsa a tasha, a hannun wani mai tire da ya haɗa caja, tocila da man zafi. Mai tiren ya rantse da girman Allah, ya ƙara da cewa, “Alhaji, wannan har jikokinka.” Rantsuwar ta tabbata ta wata fuska, domin filash ɗin yana nan garau, abin da aka zuba masa ne bai kwana ba. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw da ke cika filash taf, ta sake karantawa, ta faɗi ainihin cikinsa. Sai dai gwajin yana cin lokaci, mai tire kuwa ba ya jira.

Idan aka soka filash, kwamfuta takan ba shi harafi, D ko E ko F. Harafin C na babban faifan cikin kwamfuta ne, A da B kuwa gadon fulofi ne da har yau ba a raba ba. Harafin yakan canja daga kwamfuta zuwa kwamfuta, don haka kafin a goge komai a tabbatar wane ne wane. Bakin da ke da shuɗin harshe galibi USB 3.0 ne, wanda ya fito a 2008 kuma ya fi baƙin sauri nesa ba kusa ba. Game da sokawa, ilimin kimiyya bai gano dalilin da ya sa bakin da ke da fuska biyu yake buƙatar juyi uku ba.

Sai batun fomatin, wato tsarin da ake shimfiɗa wa filash kafin ya karɓi kaya. Uku ne aka fi sani. FAT32 shi ne mai jama'a: rediyon mota, talabijin da 'yar sifikar mai shayi duk suna jin yarensa, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Tsarin exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, ya kawar da wannan iyaka, kuma kwamfutocin Apple na karanta shi. NTFS na gidan Windows ne, rediyon mota da yawa ba su san shi ba. Abin da ba a cika faɗa wa mai kaya ba shi ne, sauya tsari ta hanyar fomatin yana share duk abin da ke ciki.

Wannan darasi ya iso gidan mai wannan rubutu ta hannun ɗan ƙanwarsa. A lokacin kawun yana karatun wucin gadi a Gashuwa, ya sayi filash na gaske a shago mai rasit, ya zuba furojek ɗinsa, ya ajiye a kan talabijin. Yaron ya are shi “na minti biyar”, ya kai wa masu tura fim. Wani fim ɗin Indiya-Hausa ya ƙi shiga saboda girma, mai shago ya ce sai an yi fomatin, yaro ya ce a yi. Da magariba ya dawo yana murmushi.

“Kawu, na sa an wanke maka shi. Yanzu gudu yake kamar me.”

“Takarduna fa?”

“Waɗanne takardu? Ai tas yake, sai da muka zuba fim tara.”

A ƙa'ida, fomatin na gaggawa ba ya kashe bayani nan take. Jerin sunayen kawai yake gogewa, kuma manhaja irin Recuva ko PhotoRec takan iya tono abin da ya ɓata, da sharaɗin ba a zuba wani sabon abu a kai ba. Fim tara sun cika sharaɗin rashin dawowa. Kwafin da ke laftof ya tsaya a babi na uku, don haka aka sake rubuta na huɗu da na biyar cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a Nguru, kawu na buga madannai yana gumi, yaran gida na kallon fim ɗin a falo. An ce fim ɗin ya yi kyau.

Babbar annobar filash a wannan yanki ita ce bairos, kuma masaukinsa kwamfutar shagon buga takardu. Ba laifin mai shago ba ne kaɗai: kwamfuta guda takan karɓi filash ɗin ɗalibi, na mai neman aiki, na mai katin biki da na sakataren ƙungiya kafin azahar, kowa ya bar tsarabarsa ya ɗauki ta wani. Wanda ya fi yawa shi ne mai ɓoye folda. Yakan lulluɓe foldojin gaske, ya jera na bogi masu suna iri ɗaya, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, nauyinsa bai wuce kilobait 1 ko 2 ba. Wanda ya danna na bogin ya buɗe wa bairos ƙofa. Kada a raina wannan hanya. Stuxnet, wanda aka gano a 2010 bayan ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, ana kyautata zaton a filash ya shiga, wurin da ke da sojoji a ƙofa. Shagon da labule ne ƙofarsa sai addu'a.

A irin wannan shago a Gashuwa mai wannan rubutu ya ga furojek ɗinsa ya zama kibiyoyi. Ya yi salati, ya nemi kujera. Yaron shagon, wanda bai kai ɗansa na fari ba, ya duba nauyin filash ɗin ya ga har yanzu a cike yake.

“Baba, kwantar da hankalinka, suna nan. Ɓuya suka yi.”

Ya shiga saitin da ke nuna ɓoyayyun fayiloli, ya buga umarnin attrib a baƙin allo, foldoji suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya caji kuɗin aiki, sannan ya caji kuɗin cire bairos ɗin da kwamfutarsa ce ta sa. An biya ba musu. Rigakafin dai sananne ne: a kai shago takarda a tsarin PDF cikin filash ɗin da ba shi da wani abin, ko a tura ta waya, kuma filash ɗin da ya je shago a bincike shi da manhajar kashe bairos kafin ya shiga laftof ɗin gida.

Cirewa ma tana da ladabi. Kwamfuta kan nuna ta gama kwafi alhali tana kan rubutawa, kuma wanda ya fizge filash a wannan lokaci yakan tafi da rabin fayil. Daga bugun Windows 10 na ƙarshen 2018, Microsoft ya mai da cirewar gaggawa tsarin asali, saboda haka haɗarin ya ragu idan ba a cikin kwafi ake ba. Duk da haka danna alamar cirewa da ke kusa da agogo a jira saƙon izini bai kai daƙiƙa biyar ba, kuma a rufe takardar tukuna. Masu karya wannan doka ba jahilai ba ne, masu sauri ne: janareto ya fara tari, ko yaron mota ya leƙo yana cewa saura mutum ɗaya. Mutum ɗayan nan, wato mai wannan rubutu, shi ne ya fizge filash ana tsakiyar ajiye gyaran da sufabaiza ya bayar, ya isa Nguru da fayil ɗin da in an buɗe shi sai akwatuna da alamomin tambaya.

Daga nan ake gane amfanin sa wa fayil suna na hankali. Da ranar miƙa aiki ta zo, sufabaiza ya soka filash a laftof ɗinsa, ya tarar da “furojek”, da “furojek na ƙarshe”, da “na ƙarshe 2”, da “na ƙarshe wallahi”, a gefe kuma ga ragowar fim guda da ɗan ƙanwa ya roƙi a bar masa. Ya gyara tabarau.

“Malam, wanne ne naka a ciki, wallahin ko Indiyan?”

Da an sa kwanan wata a gaban kowane suna, shekara sannan wata sannan rana, da kwamfuta ta jera su da kanta.

Duk waɗannan masifu tushensu guda: ana ɗaukar filash a matsayin rumbu, alhali kwalekwale ne, aikinsa ya haye da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ƙwaƙwalwarsa tana da iyakar rubutu da gogewa, kuma idan zai mutu ba ya sallama. Masana sukan ce a riƙe kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya a nesa da gida. A aikace wannan na nufin ɗaya a laftof, ɗaya a filash, ɗaya a imel ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Furojek gaba ɗaya bai kai nauyin gajeren bidiyon da ake turawa a WhatsApp ba, don haka kukan tsadar data bai karɓu a nan.

Kula da jikinsa ba wuya. A rufe bakinsa saboda ƙura, kada a bar shi a gaban mota rana na dukansa, kada a ɗaure shi da tarin makullai yana reto a jikin laftof har bakin ya karye. Ruwa kuwa bai cika kashe shi ba, in dai an bar shi ya bushe sarai kafin a soka. An tabbatar da haka a gidan da ake magana, ranar da aka wanke kaftani da filash a aljihu, aka shanya, aka kai wa mai guga. Uwargida ce ta miƙo shi da yamma.

“Malam, ga abinka. Wannan karon ni na wanke shi, kuma ban goge komai ba.”

Ya yi aiki. Abin da ba ya da magani shi ne ɓata. A watan Yunin 2022 wani ma'aikaci da ke yi wa birnin Amagasaki na Japan aiki ya sha ya bugu, ya yi barci a titi, ya farka babu jakarsa, a ciki akwai filash mai bayanan mutanen birnin su fiye da 460,000. Abin da ya rage musu kunya shi ne an kulle bayanan da kalmar sirri, kuma daga baya aka tsinci jakar. Wasu bugunan Windows suna da BitLocker da ke yin irin wannan kulle, kuma duk mai yawo da sakamakon jarabawa, takardar albashi ko hoton katin ɗan ƙasa ya kamata ya yi amfani da shi. Filash ɗin mai wannan rubutu ba a kulle yake ba, kuma ya zame daga aljihu a wata motar haya tsakanin Jajimaji da Nguru. Baƙi ne, murfinsa ya fashe, yana ƙanshin sabulu. Wanda ya tsince shi ya riƙe, an yafe masa duniya da lahira, amma don Allah kada ya soka shi a kwamfutar da yake so, domin daga shagon buga takardu aka fito da shi ranar.